Takardar da Ta Kashe Malam Haladu

Tun da aka gama jarrabawar fita sakandare 'yan matan layinmu suka sa ni gaba. Kowacce so take in kai ta shagonmu ta koyi buga takardu, wai aiki ne na zama a gaban fanka. Ƙanwata Ummi ma cewa ta yi, "Yaya Hafsat, ke me kike yi ne ma a wurin? Ai yanzu kwamfuta ce ke gyara Turancin, ke naki danna-danna ne kawai." Sati biyu ke nan da na kusa rasa kujerata a shagon, kuma har yau in adaidaita sahu ya ci birki a ƙofa sai gabana ya faɗi. To bari in rubuta muku yadda sana'ar take, wadda ta karanta ta ga za ta iya, bismillah.

Shagon namu a Gyadi-Gyadi yake, tsakanin mai sayar da katifa da mai gyaran waya. Mai shagon, Maman Ebuka, Ibo ce, amma a Kano ta yi aure ta haifi 'ya'yanta, kuma in tana faɗa da Hausa ba za ku so ku tsaya kusa ba. Tun zamanin tafireta take wannan aiki. Kayanmu ba su da yawa: kwamfuta biyu, firinta ɗaya mai cinye takarda duk lokacin damina, injin fotokofi, injin liƙe takarda da leda, sai ƙaramin janareta da sai an lallaɓa shi kamar tsoho mai ciwon baya.

Aikin farko da ta ba ni takardar haya ce, ta wani mai gida a Tarauni. Kafin nan na yi wata biyu ina buga haruffa da ɗankwali lulluɓe a kan hannuwana, don kar in saba kallon kibod. Na buga takardar, na kai mata ina washe baki, saboda ni fa na ci Turanci a jarrabawa. Ta ɗauki jan biro ta fara zagayawa. Da ta gama, takardar ta koma kamar mai ƙyanda.

"Hafsatu, wannan mai gidan, gidansa ɗaki nawa ne?"

Na ce, "Uku, Mama."

"To me ya sa kika ƙara masa goma? Ke za ki gina?"

Na buga goma sha uku ne ban lura ba. Ranar na sake takardar sau huɗu.

Masu kawo mana aiki kala-kala ne. Akwai ɗalibai masu rubutun kammala karatu, su ne masu zuwa da gudu suna cewa gobe za su miƙa. Akwai masu takardar rantsuwa, masu neman aiki, masu katin biki, masu wasiƙar ƙorafi da suke so ta yi zafi amma kar ta yi rashin kunya. Sai kuma mafi yawansu, direbobi da leburori da masu adaidaita sahu da suka shigo birni daga ƙauye. Waɗannan da baki suke gaya miki abin da suke so, ke ce za ki mayar da shi Turanci, domin ofisoshi da ƙungiyoyi da Turanci suke ajiye fayil. Wato rubutunki ne, ba wanda zai duba miki, ke kika rubuta ke za ki gyara. A nan ne maganar manhajar gyaran rubutu ta shigo.

Shekarar da taransifomar layinmu ta ƙone ce ta tura ni neman manhaja. Wata biyar muka yi ba wuta. Janareta muke kunnawa awa biyu da safe, awa biyu da yamma, aiki ya taru sai an yi shi cikin wannan ɗan lokaci. Ɗalibai kuma suka fara buga abinsu a waya, ba sa zuwa sai don fitarwa. Mu uku ne a shagon, aka sallami ɗaya, ɗayar ta yi aure ta tafi Hotoro, na rage ni kaɗai. Idon Maman Ebuka kuma ya fara gajiya, jan biron ya daina zagayawa kamar da. Sai na ce bari in nemo abin da zai riƙa duba mini.

Uku na gwada, kuma ku saurara, domin ku ma za ku yi wannan zaɓi. Ta farko ita ce wadda ke zuwa cikin kwamfutar, mai ja wa kalma jan layi. Ba ta buƙatar data, amma ba ta san mu ba. Gyadi-Gyadi ja, Tarauni ja, sunan duk wani Bahaushe ja. In kika buga jerin sunayen 'yan ƙungiya sai shafin ya yi kamar an yanka kaza a kai, har ki daina ganin jan da ke da muhimmanci. Sai daga baya na gano ana iya koya mata sunaye ta daina tsokanarsu. Sati guda na yi ina zuba mata Abdulƙadir da Ɗanladi da Ƙauyen Alu.

Ta biyu a waya take, wani ɗalibi ya nuna mini. Wannan ba gyara take yi ba, sake wa mutum baki take. Na sa mata wasiƙar wani makanike mai roƙon ciyaman ɗin ƙaramar hukuma a bar masa wurin aikinsa, ta dawo mini da ita da wani Turanci mai kwat da taye. Maman Ebuka ta karanta ta ce, "In ciyaman ya ga wannan zai ce makaniken ya fi shi karatu, sai ya kore shi don haushi." Ban da haka, ta cire maganar da mutumin ya fi damuwa da ita, cewa yara shida ke koyon aiki a hannunsa, wai jimlar ta yi tsawo. Daga ranar na goge ta. Duk manhajar da za ta taɓa miki rubutu ba tare da ta tambaye ki ba, ku rabu lafiya.

Ta uku ita na riƙe. Tana nuna kuskure, ta ba da shawara, ta bar miki zaɓi. Za ki iya saita ta a kan Turancin Ingila da aka koya mana a makaranta. Matsalarta sai da sabis take aiki, kuma Maman Ebuka ta hana ni sa mata takardun asibiti da na rabon gado, ta ce ba ta san wanda ke zaune a ɗaya gefen yana karantawa ba. Abin da ya sace mini zuciya shi ne tana ba da maki. In kin gyara komai sai ta nuna ɗari bisa ɗari da wani koren da'ira mai kyau. Ni da ban taɓa cin ɗari a makaranta ba, ga shi ina ci sau goma a yini. Wallahi har jira nake in ga koren nan.

To akwai wata ƙa'ida a shagonmu. In mutum ya faɗi saƙonsa da baki, kafin ki fitar da takardar sai kin juya kujera kin fuskance shi, kin mayar masa da ita Hausa layi-layi, ya ce "haka ne." Abin yana cin lokaci, wani tsohon ma sai ya tsayar da ke ya ba ki labarin yadda ya zo Kano. Da koren da'ira ya shiga raina sai na fara tsallake wannan. Farko ina taƙaitawa, daga baya in Mama ba ta nan sai in ce, "Komai daidai, Malam, kwamfuta ta duba."

Malam Haladu ranar wata Juma'a ya zo, wajen sha biyu. Mai adaidaita sahu ne, dogo, mai yawan dariya, daga wani ƙauye a wajen Rano, yana zaune da iyalinsa a Unguwar Gano. So yake a rubuta wa ƙungiyarsu a sauya masa lamba daga tashar Tarauni zuwa ta Hotoro, saboda can ya sami 'yan makaranta da zai riƙa ɗauka. Yana karanta ajami sarai, amma boko ko kaɗan. Mama ta tafi sayo tawada. Ba wuta, janareta yana tari, mutum uku na jira, shi kuma yana ta duban agogo don kar masallaci ya wuce shi.

A sana'ar nan ba a fara kowace takarda daga farko. Muna da tsofaffin fayil, sai ki buɗe mai kama da wanda ake so ki canza suna da bayani. Na tuna akwai wani da na sa wa suna "canjin lamba," na buɗe shi. Na sa kwamfuta ta maye tsohon sunan da Haladu Musa a ko'ina. Na sake rubuta sakin layi na farko, na gyara kwanan wata, na sa lambar mashin ɗinsa. Manhaja ta kama mini kalma biyu, na gyara, kore ya fito, ɗari cif.

"'Yata, ba za ki karanta mini ba?"

"Malam, kwamfuta ta duba. Ka ga koren nan? Ba kuskure ko ɗaya."

Ya leƙa ya ce, "Kai, Allah mai iko. Har da fitila!" Ya sa hannu, ya naɗe takardar ya tafi.

Abin da na manta shi ne asalin fayil ɗin. Wata uku kafin nan wasu mutane suka zo aka rubuta musu shi, ɗan'uwansu ya rasu suna so a mayar da lambarsa ga ƙaninsa. Sakin layi na biyu, wanda ban ko kalla ba, yana nan yadda yake. Yana sanar da ƙungiya cewa mai wannan suna ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, an yi jana'izarsa a ƙauyensu. A ƙasa kuma an rubuta "a madadin iyali." Turancin tsaf yake, ni na rubuta shi da kyau tun wancan lokaci. Sai dai yanzu sunan da ke ciki na Malam Haladu ne.

Sauran labarin daga baya na ji shi. Bai sami sakataren ƙungiyar a ofis ba, sai ya bar takardar wurin mai shayin ƙofa. Bayan masallaci ya wuce ƙauye yankan shinkafa, inda sabis sai an hau tudu. Ranar Asabar da safe sakatare ya buɗe takarda, idonsa ya faɗa kan sakin layi na biyu, ya yi salati. Aka kira wayar Malam Haladu ba ta shiga. Kafin azahar adaidaita sahu takwas sun jeru a ƙofar gidansa sun zo ta'aziyya. Matarsa Hajara, mai ciki wata bakwai, tana tankaɗe a tsakar gida aka yi sallama, aka ce ana yi mata gaisuwar maigida. Nan ta yanke jiki ta faɗi. Sai asibiti.

Ranar Litinin da hantsi ina buga katin suna sai na ji birki. Na ɗaga kai na ga Malam Haladu, da sakatare, da wasu maza huɗu, sun cika ƙofa har haske ya ragu. Ba dariya a fuskarsa. Ya ɗora takardar a kan kibod ɗina.

"Ke ce mai fitila ko? To ga mamacin ya zo."

Mai katifa da mai gyaran waya suka leƙo. Mutane suka fara taruwa. Wani daga baya yana cewa a kira 'yan sanda, wani yana cewa a fito da kwamfutar a fasa. Maman Ebuka ta taso daga wurin fotokofi ta tsaya a gabana.

"Malam, ku zauna. Kowa ya zauna. Wanda zai taɓa yarinyar nan ko kayana sai ya fara da ni." Ta karanta takardar, ta cire tabarau, ta juyo. "Hafsatu, kin karanta masa?"

"A'a, Mama."

"To karanta masa yanzu. Juya kujerar."

Na juya. Na mayar da ita Hausa, layi-layi, gaban kowa. Da na zo kan "bayan gajeriyar rashin lafiya" wani daga cikin mazan ya kasa riƙewa ya tuntsire.

"Haladu, ashe ma ba ka sha wahala ba!"

"Rufe mana baki, Sabo. Kai ne na ji har ka fara tambayar wa za a ba layin 'yan makarantata."

"Haba, ai don kar yaran su makara ne!"

Sakatare ya yi gyaran murya ya ce shi kam Turancin takardar ne ya sa bai yi shakka ba, bai taɓa ganin takardar mutuwa mai tsafta irin wannan ba. Aka ɗan yi dariya, amma Malam Haladu bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Ni ban damu da kaina ba, na ma ga masoyana. Amma matata kwana biyu ta yi a gadon asibiti. Na tambaye ki, 'yata. Da bakina na ce ki karanta mini."

Na so in ce manhaja ce, amma manhaja ba ta san wanda ke raye ba, kuma ba ita aka tambaya ba.

Mama ta ce, "Laifin shagona ne, ku yi haƙuri. Sabuwar takarda ni zan buga da hannuna." Sannan ta zare makullin shago daga jikin jakata ta sa a aljihunta. "Ke kuma ba ni za ki ba haƙuri ba, ba Malam ba. Ki je wurin matar. In ta ce ki dawo, kujerarki na nan. In ba ta ce ba, ki nemi wata sana'a, don ni ba zan ajiye mai kashe mini kwastoma ba."

Kwana biyu na yi a gida ina cewa Innarmu zazzaɓi nake yi. Ranar Laraba da la'asar na sayi lemo da kankana na hau adaidaita zuwa Unguwar Gano, ina addu'a kar direban ya kasance cikin takwas ɗin nan. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere. Na yi sallama na shiga.

Hajara tana kishingiɗe a kan tabarma, an tokara mata matashi. Ba ta girme ni da yawa ba. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni wace ce, na fara jero haƙurin da na haddace a hanya.

"Au, ke ce?" Ta dube ni sama da ƙasa. "Ni na ɗauka wata ƙatuwa ce. Ashe 'yar firit ce ta sa ni takaba."

"Anti, don Allah ki yafe mini. Sauri ne, ban duba ba."

"Kin san me na fara tunawa da suka faɗa? Da safen da zai tafi faɗa muka yi a kan cefane, ko a dawo lafiya ban ce masa ba. Shi ne abin da ya kayar da ni." Ta shafa cikinta. "Da ya shigo asibitin da buhun shinkafa a ka, ihu na yi, nas ta gudu ta bar takalminta."

Ta yi 'yar dariya, ni kuwa hawaye ne suka zubo mini. Ta bar ni na yi mai isata, ba ta ce in daina ba. Da na share fuska na gaya mata abin da Maman Ebuka ta ce game da kujerata.

Ta miƙa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo wata takarda da aka ninke huɗu, da ledar magunguna.

"Wannan suka ba ni da za a sallame ni. Likitan sauri yake, ya yi bayani ban riƙe ba, kunya ta hana ni sake tambaya. Shi maigidan bai iya ba, ni ban iya ba, maƙwabciyata kuma in ta karanta sai duk gidan nan ya ji. Tun shekaranjiya nake juya ta. Ban san ko yaron lafiya yake ba."

Na karɓa. Rubutun hannu ne, na likita, wanda ba manhajar da za ta iya da shi. Na gyara zama na fuskance ta. Na bi shi a hankali da yatsa, inda ban gane ba na ce ban gane ba, sai mun tambaya. Jininta ne ya hau, an ce ta huta ta rage gishiri. Ƙaramar ƙwayar sau ɗaya a rana, ba sau uku ba kamar yadda take shirin sha. Ta koma awo ranar Talata. A layin ƙarshe an rubuta cewa bugun zuciyar jariri daidai yake.

"Sake karanta wannan."

Na sake.

"Kin tabbata? Ba fitila ce ta gaya miki ba?"

"Da idona na gani, Anti. Ga shi nan."

Ta lumshe ido ta ce alhamdulillahi sau uku. Sannan ta ɗauki lemo ɗaya daga cikin wanda na kawo ta fara ɓarewa.

"Ki ce wa Madam ɗinku na ce ki koma. Amma ranar Talata ƙarfe takwas ki zo ki raka ni awo, ke za ki riƙe takardun. In kin makara, ni ma na san inda ake buga takardar mutuwa."